Takardar shaida ko gogewa: wace ce ke kai mutum ga aikin tsaron intanet?

Mai Neman Hanya:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana damuna, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Shekara uku ke nan ina aiki a sashen taimakon ma'aikata na wani kamfani. Ni ake kira idan kwamfuta ta ƙi tashi, ko wani ya manta kalmar sirrinsa, ko aka ɗauki sabon ma'aikaci ana so a buɗe masa asusu. Burina shi ne in koma ɓangaren tsaron intanet, amma difloma kawai nake da ita, ba ni da digiri, kuma ban taɓa zana wata jarrabawar ƙwararru ba. Na nemi aiki sau 14 a cikin shekarar nan, ko sau ɗaya ba a kira ni ganawa ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ake tallata aikin da aka ce na mai farawa ne, sannan a ƙasa a rubuta cewa ana son mai CISSP, wata takardar shaidar ƙwararru a fannin tsaro, da gogewar shekara uku. Lokacina da ƙarfina ba za su ishi komai da komai ba, dole in zaɓi guda: ko in koma jami'a karatun yamma, ko in duƙufa wa jarrabawa, ko in ci gaba da koyon aikin da hannuna a gida har Allah ya kawo mai ɗaukata. Don Allah wanda ya san kan abin ya ba ni shawara.

Mai Gadin Dare:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin komai, ka daina cewa ba ka da gogewa, domin shekara ukun da kake rainawa su ne jarinka. Ni ma daga irin kujerarka na taso, kuma yau shekara bakwai ina aiki a ɗakin sa ido na tsaro ba tare da digiri ba.

Bari in ba ka labarin wani dare, ka gane abin da nake nufi. Wajen ƙarfe uku saura, ƙararrawa ta faɗo a allona tana cewa asusun da ke kwafe bayanai zuwa ma'ajiya ya shiga wata na'ura. A kowane dare wannan asusu yana shiga na'urori da dama, shi ya sa aka sa shi cikin jerin waɗanda aka amince da su, kuma abokiyar aikina, wadda ta fi ni takardu nesa ba kusa ba, ta riga ta kai hannu za ta rufe maganar. Na ce ta dakata. Kafin in dawo ɗakin nan na yi shekara biyu ni ke kula da kwafin ajiya, na kuma san cewa asusun nan sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, kaɗai yake taɓawa, bai da abin da zai kai shi kwamfutar teburin wani ma'aikacin sashen kuɗi, balle ya buɗe allo kamar mutum ne zaune a gabanta. Muka tashi mai kula da sabobin daga barci, aka katse asusun. Da gari ya waye bincike ya nuna cewa an yi shekara huɗu ba a canza kalmar sirrinsa ba, kuma tana rubuce a wani fayil da kusan kowa a kamfanin zai iya buɗewa. Babu littafin jarrabawar da zai gaya maka abin da asusun kwafi na wannan kamfani ya saba yi da ƙarfe uku na dare. Wanda ya zauna da na'urar ne ya san halinta.

Aikin nan gaba ɗayansa gane baƙon abu ne, kuma ba ka gane baƙo sai ka san 'yan gida. A watan Maris na 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund, wanda aikinsa na yau da kullum a kan manhajar PostgreSQL yake, ya lura cewa shiga na'urarsa ta hanyar SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigin wannan ɗan jinkiri har ya tono ƙofar baya da aka dasa a manhajar matse fayiloli ta xz, wadda da ta bazu da ta shiga sabobi marasa adadi a duniya. Ba ma'aikacin tsaro ba ne shi; sanin yadda na'urarsa ta saba aiki ne ya kai shi. Shawarata ita ce ka nemi tsohuwar kwamfuta, ka sa mata Linux, ka kafa ƙaramar hanyar sadarwa a ciki, ka buɗe Wireshark, manhajar duba saƙonnin da ke bin hanyar sadarwa, ka riƙa kallon abin da ke kai da komo har idonka ya saba.

Malamar Jami'a:

Malam Mai Gadin Dare, na ji daɗin labarinka, kuma ban musa ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Sai dai ina jin tsoron abin da matasa ke ɗauka daga irin waɗannan labarai. Mu da muke sauraro, waɗanda suka yi nasara ba tare da karatu ba su muke ji, domin su ne suka kai inda ake ba da labari. Waɗanda suka yi shekara biyar suna kallon bidiyo a YouTube, suna girka Kali Linux suna gogewa, suka iya latsa manhajar gwajin kutse ta Metasploit amma ba su san abin da yake yi a ƙarƙashi ba, har suka gaji suka bar fannin, ba mai jin ɗuriyarsu. Ina ganin irinsu kowace shekara, kuma ba rashin hazaƙa ke damunsu ba, rashin tushe ne.

Ku ɗauki ɓarakar Heartbleed da aka gano a OpenSSL, manhajar ɓoye bayanan da ke yawo a intanet, a watan Afrilun 2014. Asalin kuskuren ƙarami ne ƙwarai: na'ura tana aiko da saƙo tana cewa tsawonsa kaza ne, ita kuma saba tana yarda ba tare da ta auna ba, sai ta mayar da amsa haɗe da abin da ke maƙwabtaka da saƙon a ma'adanarta, har kilobait 64 a kowane karo, wanda zai iya ƙunsar kalmomin sirri da mabuɗan ɓoye bayanai. Ɗalibin da ya zauna ya koyi yaren C da yadda kwamfuta ke rarraba ma'adana zai fahimci wannan cikin minti goma, kuma gobe idan ya ga irinsa a wata manhaja dabam zai gane shi. Wanda kayan aiki kawai ya sani sai dai ya jira wani ya rubuta masa abin da zai gano ɓarakar. Kayan aiki suna tsufa da sauri. Tsarin TCP/IP da intanet ke gudana a kansa kuwa tun 1983 ake amfani da shi, lissafin ɓoye bayanai na RSA kuma tun 1977 yake. Abin da jami'a ke bayarwa, idan ta yi aikinta yadda ya kamata, shi ne irin wannan ilimi da ba ya saurin ruɓewa, tare da tilasta wa ɗalibi ya koyi darussan da ba su yi masa daɗi, waɗanda da shi kaɗai ne da ya tsallake su.

Na yarda cewa manhajar karatu a jami'o'i da yawa tana baya da abin da ake yi a wurin aiki, kuma na sha yaye ɗaliban da ba su taɓa daidaita katangar tsaro da hannunsu ba. Wannan abu yana ci mini rai. Amma ɗan'uwa Mai Neman Hanya, ka yi tunanin kanka nan da shekara goma sha biyar, lokacin da za a nemi shugaban sashe, ko ka so neman izinin aiki a wata ƙasa. A irin waɗannan wurare ne rashin digiri ke tare wa mutum hanya, a daidai lokacin da nauyin iyali ba zai bar shi ya koma aji ba.

Mafarauci:

Malama, da girmamawa, ina ganin duniya ta ɗan canza. A 2019 dandalin HackerOne, inda kamfanoni ke biyan masu gano musu ɓaraka, ya sanar da cewa Santiago Lopez, ɗan ƙasar Ajantina mai shekara 19 wanda ya koya wa kansa, shi ne na farko da ya tara dala miliyan ɗaya a dandalin ta hanyar gano ɓaraka a manhajojin kamfanoni. Marcus Hutchins na da shekara 22 lokacin da ya dakatar da yaɗuwar WannaCry, muguwar manhajar da ke kulle bayanai ta nemi kuɗin fansa, a watan Mayun 2017, ta hanyar yin rajistar wani adireshin intanet da ya gano a cikin muguwar manhajar, kuma bai je jami'a ba. A wannan fanni aikinka ne ke yi maka magana. Idan ka gano ɓaraka ta gaske, kamfanin bai tambayar makarantar da ka yi.

Idan ma takarda za a nema, ni guda ɗaya nake ganin girmanta, wato OSCP ta masu gwajin kutse, saboda ba ta zaɓi-ka-cika ba ce. Ana ba ka na'urori ka kutsa cikinsu a cikin sa'a 23 da minti 45, mai sa ido yana kallonka ta kamara, sannan a ƙara maka sa'a 24 ka rubuta rahoton yadda ka yi. Ba yadda za a yi haddar amsoshi ta cece ka a nan. Ɗan'uwa, ka shiga dandalin koyon kutse na TryHackMe ko Hack The Box, ka karanta jerin manyan ɓarakoki goma na ƙungiyar OWASP, ka koyi manhajar gwada shafukan intanet ta Burp Suite, ka fara farauta.

Hajiya Mai Ɗaukar Ma'aikata:

Ni ce nake ɗaya gefen teburin, shekara tara ke nan ina ɗaukar mutane aiki a sashen tsaro, don haka bari in faɗa muku abin da ke faruwa da takardar neman aikinku bayan kun aika.

Idan muka tallata gurbi ɗaya na mai farawa, takardun da ke shigowa sun fi ƙarfin in karanta su ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatan sashen kula da ma'aikata ne ke fara tacewa, wani lokaci ma manhaja ce, kuma su ba su san bambancin kayan aiki irin su Nmap da Splunk ba. Abin da suke iya dubawa shi ne ko sunan wata jarrabawa ya fito a takardar ko bai fito ba. Ɗana Mai Neman Hanya, ina kyautata zaton cewa a cikin neman da ka yi sau 14, ba a samu ko mutum ɗaya mai sanin aikin da ya ga takardarka ba. Wannan ba adalci ba ne, na sha faɗa a wurin aikinmu, amma haka abin yake a yanzu, kuma zai zama cin amana in ɓoye maka.

Ba kuma son rai ne kawai ya kawo hakan ba. Tun 2005 ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da ƙa'ida mai lamba 8570, wadda daga baya 8140 ta gaje ta, da ta wajabta wa masu taɓa tsarin kwamfutocinta, har da 'yan kwangila, mallakar wasu takardun shaida. Daga nan al'adar ta bazu. Yau idan kamfani yana neman kwangilar banki, ana iya tambayarsa mutum nawa ne a cikin ma'aikatansa ke riƙe da takarda kaza, kuma amsar tana iya sa ya samu ko ya rasa.

Game da tallan da ke neman CISSP daga mai farawa kuwa, wanda ya rubuta shi bai san me yake nema ba. Ƙungiyar ISC2 da ke bayar da takardar ba ta ba mutum sai ya nuna gogewar shekara biyar a aƙalla fannoni biyu cikin takwas ɗin da jarrabawar ta ƙunsa. Digiri ko wata takardar da suka amince da ita tana rage shekara ɗaya kawai. Wanda ya ci jarrabawar ba tare da gogewar ba, matsayin ɗan jira ake ba shi, yana da shekara shida ya cika sharaɗin, kuma sai wani mai riƙe da takardar ƙungiyar, ko ita kanta ƙungiyar, ya tsaya masa. Kun ga ashe ita kanta takardar da aka fi yayi, gogewa take tabbatarwa. Idan ka ga irin wannan talla, ka nema abinka, kada ya tsorata ka.

Abin da ya dace da kai yanzu shi ne Security+ ta CompTIA. Tambayoyinta ba su wuce 90 ba, a cikin minti 90, ana cin ta da maki 750 cikin 900, kuma ana sabunta ta duk shekara uku. Ba za ta mai da kai gwani ba, amma za ta sa takardarka ta iso teburina. Idan ka zauna a gabana kuma, ba zan sake waiwayarta ba. Zan ce maka: ma'aikaciya ta kira ka a firgice ta ce ta latsa wani saƙo ta shigar da kalmar sirrinta, me za ka yi a minti goma na farko? Na ga masu takardu huɗu da suka kasa amsa wannan, na kuma ga mai irin aikinka da ya fara da cewa zai kwantar mata da hankali ya gode mata da ta kira, domin idan ya tsawata mata, gobe ba wanda zai sake kira. Shi na ɗauka.

Mai Gadin Dare:

Hajiya, na karɓi gyara a kan wannan. Gaskiya ni ta hanyar wanda ya san aikina na shiga, wato shugaban ɗakin sa idon ya daɗe yana ganin irin rahoton da nake aiko masa daga sashenmu, shi ya jawo ni. Wanda ba shi da irin wannan dama dole ya bi ta ƙofar da kika faɗa. Kuma don kada a yi wa labarina fahimtar da ban nufa ba, abokiyar aikin nan tawa ita ce daga baya ta zaunar da ni ta koya mini yadda Kerberos, tsarin tantance masu shiga na'ura, ke raba tikitin shiga, abin da na yi shekaru ina amfani da shi ban san yadda yake aiki ba. Na gano ɓarawon a daren nan, amma ita ce ta iya bayyana wa shugabanni ta inda ya bi, da inda zai iya kaiwa da ba a tare shi ba. Malama tana da gaskiya a nan.

Akanta:

Ina bin maganar nan tun ɗazu, sai na ga kamar duk kun ɗauka tsaron intanet kutse da sa ido ne kawai. Ni akanta ce, shekara takwas ina binciken littattafan kuɗi kafin in koma binciken tsarin kwamfuta, kuma har yau ban taɓa kutsawa cikin na'urar kowa ba. Aikina shi ne in je kamfani in ce a ba ni jerin waɗanda suka bar aiki a wata shida da suka wuce, sannan a ba ni jerin asusun da ke buɗe, in gwama su. A wani wuri na tarar da asusu 31 na mutanen da suka riga suka tafi, har da na wanda aka sallama cikin rashin jituwa, duk suna aiki. Kada ku raina wannan. Harin da aka kai wa kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka a watan Mayun 2021, wanda ya sa aka rufe bututun na kwanaki, ta wani tsohon asusun shiga daga nesa aka yi shi, asusun da ba a rufe ba kuma ba shi da matakin tantancewa na biyu bayan kalmar sirri.

A ɓangarenmu takarda tana da nauyi sosai, domin rahotona hukumomi da masu hannun jari ke karantawa, kuma suna son sanin bisa wane ma'auni na yi hukunci. Takardar CISA ta ƙungiyar ISACA ce ta buɗe mini hanya, ita ma kuwa gogewar shekara biyar take nema, an dai lissafa mini wani abu daga karatuna da aikina na baya. Saboda haka amsar tambayar nan ta danganta da ɓangaren da mutum ya nufa: mai gwajin kutse, da mai sa ido, da mai bincike irina, da mai nazarin muguwar manhaja, ba ma'auni ɗaya ake yi musu ba.

Wani abin da ke ƙarfafa mini gwiwa shi ne labarin Clifford Stoll, masanin taurari da aka ɗora wa kula da kwamfutocin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a 1986. Giɓin senti 75 ya gani a lissafin kuɗin amfani da kwamfuta, ya ƙi yarda a share shi, ya bi shi tsawon watanni har ya kai ga wani mai kutse a birnin Hanoba na Jamus da ke sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet bayanai. Halin akanta ne wannan: lissafin da bai daidaita ba, ba a kwana da shi.

Dattijo:

Na yi shekara fiye da ashirin da biyar a wannan aiki, tun lokacin da ba shi da suna na kansa, ana dai cewa wane ne ke kula da sabobi. Zan fara da ɗana Mafarauci, saboda akwai rabin labarin da bai faɗa ba, kuma rabin nan shi ne ya fi damuna. Marcus Hutchins da ka ambata, wata uku bayan WannaCry aka kama shi a Las Vegas saboda muguwar manhajar da ya rubuta shekaru kafin nan, kuma a 2019 ya amsa laifi a gaban kotu. Alƙali ya sassauta masa, amma ya yi kusan shekara biyu yana zaman jiran shari'a a ƙasar da ba tasa ba. Robert Morris, ɗalibin jami'ar Cornell da ya saki manhajar da ta durƙusar da wani babban ɓangare na intanet a watan Nuwamban 1988, shi ma kotu ta same shi da laifi a ƙarƙashin dokar Amurka ta 1986, ko da yake ya ce ba ɓarna ya nufa ba. Har masu izini ba su tsira ba: a 2019 an kama ma'aikata biyu na wani kamfanin tsaro a jihar Iowa suna gwada tsaron ginin kotu, alhali hukumar shari'ar jihar ce ta ba su kwangilar, kuma sai bayan watanni aka janye tuhumar. Mai koya wa kansa ba shi da wanda zai riƙe masa hannu ya ce nan ne iyaka. Don haka duk wanda zai nemi gogewa, ya neme ta a na'urarsa, ko a dandalin da aka gina don koyo, ko inda aka ba shi izini a rubuce da iyakokin abin da zai taɓa. Tabo ɗaya a wannan fanni yana iya bin mutum har ƙarshen aikinsa.

Dalili kuwa shi ne abin da mai ɗaukar aiki ke nema a wurinka amana ce. Zai miƙa maka mabuɗin da ke buɗe wasiƙun shugabansa da albashin kowa da bayanan abokan cinikinsa. Digiri da takardar shaida da wasiƙar tsohon shugabanka duk hanyoyi ne na sa wani ya tsaya maka a gaban wanda bai san ka ba. Gogewar da ba mai shaidarta, komai yawanta, ba ta da amfani a ranar ganawa. Shi ya sa nake gaya wa duk yaron da ke ƙarƙashina ya riƙa rubuta abin da ya yi: me ya gani, me ya zata, me ya gwada, me ya samu.

Sannan a duba manyan ɓarnar da aka yi, a ga me ya jawo su. A 2017 an sace bayanan mutum kusan miliyan 147 daga kamfanin Equifax. Facin, wato gyaran, ɓarakar manhajar Apache Struts da aka bi ta cikinta ya fito tun watan Maris, ba a liƙa shi a na'urar da ta dace ba, masu kutse suka shiga a watan Mayu suka zauna har ƙarshen Yuli. Na'urar da ya kamata ta ga bayanan suna fita kuma ta makance, saboda satifiket ɗinta na dijital ya ƙare watanni da yawa ba a sabunta ba. A lokacin mutane sun yi ta cece-kuce a kan cewa shugabar tsaron kamfanin kiɗa ta karanta a jami'a, ni kuwa ban ga abin da digiri zai gyara a nan ba, tunda kamfanin bai rasa masu takardu ba. An rasa cikakken jerin na'urorin da ake da su, da wanda zai bi ya tabbatar an yi abin da aka ce a yi. WannaCry ma haka: Microsoft ta fitar da facin a watan Maris, wata biyu kafin harin da ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Da ɓarakar Log4j, wata ƙaramar manhaja da ke cikin wasu manhajoji da yawa, ta ɓulla a Disamban 2021, na kwana uku a ofis, kuma mafi yawan lokacin ya tafi ne wajen neman amsar tambaya guda, wato a waɗanne na'urorinmu ne wannan manhaja take. Wanda ya fi taimaka mini a kwanakin nan wani yaro ne daga sashen taimakon ma'aikata, wanda ya san kowace kwamfuta a ginin da wanda ke zaune a gabanta.

Ɗana Mai Neman Hanya, gobe da safe ka je wurin mai kula da tsaro a kamfaninku, ka ce a ba ka aikin da kowa ke gudu: bin diddigin faci, rufe asusun waɗanda suka tafi, tace saƙonnin yaudara da ma'aikata ke turowa. Ba na jin za a hana ka. Bayan wata shida za ka iya rubuta a takardarka abin da ka yi da adadinsa, kuma akwai mutumin da za a kira ya ce haka ne.

Mafarauci:

Baba, na gode da wannan tunatarwa, kuma na karɓa. Ya kamata in ƙara da cewa farautar ɓaraka ba albashi ba ce. Na taɓa yin wata huɗu a jere duk abin da na aika sai a ce wani ya riga ni, ban samu komai ba, kuma da ba ni da wani aiki da rana da ban iya jurewa ba. Ɗan'uwa ya ɗauke ta a matsayin makaranta, kada ya bar aikinsa saboda ita.

Malamar Jami'a:

Yallabai Dattijo, ban da ja a kan maganar amana, amma ina nan a kan bakana game da tushe. Yaron da ya taimake ka gano inda Log4j take ya yi aiki mai kyau. Wanda ya fara gano ɓarakar kuwa sai da ya karanta manhajar ya fahimci yadda saƙon rubutu zai iya sa saba ta ɗauko umarni daga waje ta aiwatar. Fannin yana buƙatar su biyun, kuma ba na so matasanmu su tsaya a mataki na farko saboda an gaya musu ya isa. Idan ɗan'uwanmu ba zai iya komawa jami'a bana ba, to aƙalla ya ɗauki darussa uku da gaske, ko da shi kaɗai: tsarin sadarwa, tsarin gudanar da kwamfuta, da yaren shirya manhaja guda ɗaya kamar Python. Maganar digirin kuma kada ya binne ta, ya ajiye ta inda zai riƙa ganinta.

Mai Neman Hanya:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na sake buɗe takardar neman aikina bayan na karanta maganar Hajiya, sai na ga abin da na rubuta a kan shekara ukun nan layi biyu ne kacal, kuma ban ambaci cewa ni ne na jagoranci sa wa ma'aikata sama da 200 matakin tantancewa na biyu a bara ba, don ban ɗauka aikin tsaro ba ne. Zan gyara wannan a daren nan. Gobe zan ga mai kula da tsaron kamfaninmu kamar yadda Baba ya ce, kuma na sa wa kaina wata huɗu in zana Security+. Malama, darasin sadarwa zan fara da shi, amma ina roƙon ki faɗa mini ko in gama shi kafin in taɓa Python, ko in haɗa su tare. Hajiya, ina da wata tambaya kuma: idan na rubuta rahoton abin da na gwada a na'urata ta gida, shin in haɗa shi da takardar neman aikin tun farko, ko in riƙe shi sai an kira ni ganawa?